Gawo a Hanya, Inji a Hannun Labaran

A wata tunga tsakanin Faru da Janbako akwai wani manomi da ake kira Labaran, wanda tun da aka yaye shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". In ana hirar jirgin sama, ya san abin da ke riƙe da shi a sama. In rediyonka ta mutu ka yi kuskuren kai masa, zai ce aikin yanzu-yanzu ne, bayan sati ya maido maka da ita ƙunshe cikin leda, gunduwa-gunduwa. Mutanen tunga sun san halinsa sarai. To, a ƙauye ba a korar mutum don ya cika baki, sai dai a riƙa ɓoye masa rediyo.

Bana kuwa Labaran ya yi gamon katar. Ya makara wajen dashen tumatir, don lokacin da kowa ke dasawa shi yana can yana koya wa masu gyaran famfo aikinsu. Da ya dasa aka yi ta yi masa dariya. Matarsa Hauwa'u ta sayar da awakinta aka sayi man ban ruwa, sai ga tumatir ya nuna jajur daidai lokacin da na kowa ya ƙare, kasuwa tana nemansa ruwa a jallo. Labaran ya ce da ma haka ya tsara. Hauwa'u dai ta san rumbu ya kusa ƙasa, kuma da wannan tumatir za a sayi hatsin da gidan zai ci har damina ta fita. Motar kaya za ta shigo ranar Litinin ta kwashe shi zuwa kasuwar Talata Mafara.

Sai kuma maganar injin. Wata Talata da ta wuce Labaran ya ga injin yanka itace a rumfar wani Lazarus, mai sayar da tsofaffin injuna a Mafara. Injin ya sha duniya, fentinsa ya kwaile, haƙoran sarƙarsa sun yi tsatsa, amma Labaran yana ganinsa ya ji ya samu abin da zai bambanta shi da sauran mutane. Wani ɗan kallo ya tambaya ko yana tashi. Lazarus mutum ne mai tsoron Allah, ya ce, "Lokacin da yake tashi, yana tashi sosai." Ya ɗauko galan zai zuba mai a gwada, Labaran ya riƙe masa hannu.

"Bari, Lazarus. Gwaji na wanda bai san inji ba na. Ni da ido nika gane shi."

Ya ƙwanƙwasa tankin da farce, ya kara kunne, ya ce lafiyarsa lau. Ya ba da kekensa da rago ɗaya, ya saɓo injin ya kawo gida, ya rataye shi a zaure inda duk mai wucewa zai gani. Hauwa'u ta ce ya gwada shi ko da a kan reshen dogon yaro ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce wannan injin ba na reshe ba ne, sai an samu itacen da ya kai matsayinsa.

Itacen kuwa ya samu. Ranar Juma'a da yamma guguwar farkon damina ta taso, iska zalla ba ruwa, ta tuge tsohon gawon da ke bakin gonar Labaran ta shimfiɗa shi a kan hanya ɗaya tilo da mota ke bi ta shiga tunga. Gefe guda kwazazzabo, gefe guda taɓon fadama. Babur na iya raɓawa ta turba, amma mota ba ta da wurin wucewa, ba ta kuma da wurin juyawa sai dandalin tunga. Direba ya aiko cewa in ba a buɗe hanya ba, ba zai shigo ba, kuma ba zai yarda magariba ta same shi a wannan daji ba, kowa ya san dalili.

Da safe mai gari, dattijo Barau, ya fito da maza riƙe da gatura za a yi gayya. Sai dai al'adar wurin, ba a sa wa itacen mutum gatari sai da izininsa, ko da kuwa a kan hanyar sarki ya faɗi. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da iskar jiya, sannan Barau ya ce, "Labaran, gawon kakanka ya kwanta. Ba mu izini mu ɗauke shi."

"Ranka shi daɗe, a maida gatura gida. Zamanin gatari ya wuce a tungag ga. Ni kaɗai zan yanka shi, kahin a kira azahar kun ga hanya hwayau."

"Mu dai albasa gare mu," in ji Barau, "tana iya jiran wata Talata. Kai ad da tumatir."

"Shi ya sa ba ni son aikin lalaci, ranka shi daɗe."

Ayuba mai babur, wanda taubashin Labaran ne, don haka yana da lasisin faɗa masa duk abin da ya ga dama, ya jingine gatarinsa ya ce, "Ku zauna, jama'a. Yau Injiniya za shi nuna muna boko."

Aka zazzauna a inuwa. Labaran ya kawo injin ya ajiye a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya zuba fetur gauraye da baƙin mai, don wannan kam Lazarus ya cusa masa shi a kunne. Ya ce kowa ya ja da baya, masu ciwon zuciya su toshe kunne. Ya taka injin da ƙafa, ya yi bisimilla, ya fizgi igiya.

Injin ya ce "fut".

Ya sake fizga. Ya ce "fut". Ya ja cok, wato maƙullin iska, ya fizga, ya maida cok, ya fizga. Ya canja hannu. Ya tuɓe riga. Rana ta take, gumi ya wanke shi, warin fetur ya cika wurin, injin ko gezau.

"Injiniya, mu buɗe kunne ko da saura?" in ji Ayuba.

"Ɗumi shika yi. Injin ƙwarai ba shi tashi da garaje, sai ya san hannun mai shi."

"To ku gaisa mana, ka tambaye shi iyali."

Labaran ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya fizga, igiyar ta tsinke, ya tafi da baya ya zauna daɓas a kan reshen gawo. Wanda ya san gawo ya san ƙayarsa. Ya miƙe da sauri fiye da yadda ya zauna, ya ce da ma ya lura igiyar ba ta asali ba ce, ita ce duk matsalar.

A tungar igiya irin wannan ɗaya ce, tana jikin injin niƙan Gwaggo Zahra'u, tsohuwar da duk tunga ke kai wa niƙa. Aro kuma ba a hana maƙwabci, ko da zuciya ba ta so. Labaran ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce aron yanzu-yanzu ne.

"Yanzu-yanzun ka na sani, ɗan nan," in ji ta. "Rediyon marigayi tana nan cikin leda."

Duk da haka ta bari ya kwance. Igiyar ta fi ramin injinsa kauri, sai ya ƙara wa ramin faɗi da ƙusa mai zafi, ya yanke igiyar daidai tsawon da yake so. Da yamma sai ga ƙarar turmi ta tashi ko'ina a tunga, matan da suka manta da daka tun zuwan injin niƙa suna daka suna ambaton sunan Labaran, ba da alheri ba. Injin kuma da sabuwar igiyarsa ya ci gaba da cewa "fut".

Ranar Lahadi Labaran ya sa aka tsinke tumatir gaba ɗaya, don mota gobe za ta zo. Hauwa'u ta ce ya bari sai an ga hanya ta buɗe, wanda ke jikin uwarsa ya fi jure rana. Ya ce mace ba ta san lissafin inji ba. Aka cika kwanduna, aka jera su a ƙarƙashin wata rumfar kara a gefen gona, ɗan nesa kaɗan da gawon, don in mota ta shigo nasa za a fara lodawa.

Sannan ya koma kan injin, ya sanar da jama'a cewa ya gano ciwon: fulogi ne ya mutu. Ya kwance shi ya ɗaga sama kowa ya ga baƙinsa. Ya ce Ayuba ya ara masa na babur.

"Wanga babur shi ka ciyar da ɗiyana, Injiniya."

"Haba taubashi. Hulogi na, ba ƙoda ba."

Na babur ya fi tsawo, ya ƙi shiga. Labaran ya ce ba komai, a maida shi inda ya fito, kuma shi da kansa zai mayar don Ayuba bai iya ɗauri ba. Ya sa shi a karkace, ya ji ya cije, ya ɗora sifana ya murɗa da ƙarfin tsiya har wani abu ya ce "ƙaras". Ayuba ya buga babur, ya buga, ya sa aka tura shi har bakin fadama, babur ya bi sahun injin niƙa.

"Da ma ciwon na ciki," in ji Labaran. "Ka gode Allah da ya hito a hannuna, ba a daji ba."

Ayuba ya jingine babur ɗin. Ya ce, "Ba don taubasantaka ba, da yau an raba mu gaban alƙali."

Labaran ya kankare tsohon fuloginsa da wuƙa, ya gasa shi a wuta, ya ce yanzu zai nuna wa mutane yadda ake gane matacce. Ya maƙala masa waya, ya riƙe ƙarfen da yatsunsa, ya ce Ayuba ya ja igiya. Ayuba bai taɓa yin aikin da ya yi da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Wuta ta fizgi Labaran tun daga yatsa har ƙeya, ya yi tsalle ya yi salati da wata murya da ba a san shi da ita ba.

"Ya mutu?" in ji Ayuba.

"Na tada shi," in ji Labaran yana yarfe hannu. "Saura kahireto."

Ya kwashi injin ya kai ƙofar gida, ya shimfiɗa buhu, ya buɗe kafireto. Abin ɗan ƙarami ne, cike da ƙananan ƙarafa da ba su fi ƙwayar gero ba. Ya sa baki ya busa, ya sa baki ya zuƙa, ya kurɓi fetur ya yi ta tofarwa. Ya ce man Faru ne ke da ruwa, ya aika aka tsiyayo na janaretan masallaci, ranar ladan da maƙogwaronsa ya kira la'asar. Da ya zo mayarwa sai ya ga wani ɗan noti ɗaya ba ya nan. Aka duba buhu, aka kaɗe tabarma, aka kawo rariya aka tankaɗe ƙasar ƙofar gida. Can Labaran ya hango kazar Hauwa'u, wadda ke yi mata ƙwai, tana kiwo a gefe tana haɗiyar wani abu.

"Ita ta. Na ga wuyanta ya motsa."

"Malam, wuyan kaza kullum motsi shikai," in ji Hauwa'u daga bayan zana.

"Wanga motsin ƙarhe na. Na san shi."

Aka bi kaza, aka kama, aka yanka. Aka buɗe maƙoƙo, aka tsaga ƙundu, aka samu tsakuwa da gero da rabin ƙwaro. Tun da an riga an yanka, sai aka dafa, Ayuba ya ci cinya a matsayin ladan baburinsa. Da Labaran ya cire hula zai yi alwalar magariba, notin ya faɗo daga naɗin hular, inda shi da kansa ya soke shi don kada ya ɓata. Ya tsince shi ya ce ai kazar ma ta tsufa. Hauwa'u ta ji zafin abin ƙwarai, amma ba kazar ce ta fi damunta ba. Ta aika a dubo mata kwanduna, aka ce na ƙasa sun fara laushi.

"Malam, don girman Allah ka ba Baba Barau izini. Gatura na nan, mazan na nan. Ni zan dama huran gayya."

"In ba su izini yanzu, ki ce in tuɓe wando a dandali. Gobe da sahe za ki ji ƙara daga nan."

Litinin ta waye, ba a ji ƙara ba. Barau ya zo da sandarsa, aka gaisa har ƙarshen gaisuwa, ya ce direba na jira a Faru, in rana ta karkata zai wuce Janbako ya ɗauki kayan wasu. Labaran ya ce a ba shi ɗan lokaci zai yi shawara da ƙwararru. Ya hau kan tudun da ake samun sabis, ya kira Lazarus, ya juya wa jama'a baya don kada su ji, amma wayarsa irin mai amsa-kuwwa ce, har na bakin fadama suna ji.

"Oga Labaran, ka ja cok?"

"Na ja."

"Ka maida?"

"Na ja, na maida, na sake ja."

"Kai, ka shaƙe shi da mai ke nan. Ka bar shi ya huta. Kuma injin nan yana son hannu. Mai shi na farko wani ƙato ne daga Bakura, shi fizga ɗaya yake yi masa."

Daga duk wannan bayani, abin da ya shiga kunnen Labaran shi ne ƙaton Bakura. Ya sauko daga tudu fuskarsa a washe, ya ce shi da Lazarus sun yi ittifaƙi: injin lafiyarsa lau, ƙarfin ja ne ya yi masa kaɗan. Aka jera majiya ƙarfin tunga, kowa ya fizga har kafaɗa ta gaji. Aka ajiye injin a rana aka tsaya ana haki. A nan ne Labaran ya hango Bawa, maƙwabcin gonarsa, yana tafe da shanun huɗarsa biyu a ƙarƙashin karkiya, yana koya musu layi kafin ruwa ya sauka.

Idon Labaran ya yi haske. Duk wanda ya san shi, da ya ga wannan haske sai gabansa ya faɗi.

"Bawa! Babur in ya ƙiya, mi akai mai?"

"Tura shi akai."

"Mota in ta ƙiya?"

"A ɗaura mata igiya a ja."

"To, inji ya hi mota ne? Kawo shanun ga."

Bawa ya ce shanunsa ba su taɓa aikin boko ba. Labaran ya ce taku biyu kawai za su yi. Bawa ya dubi mai gari, mai gari ya dubi rana, ya ce a yi abin da za a yi a gama, shi dai ba da bakinsa ba.

Labaran ya ɗora injin a kan gangar gawon, ya ɗaure shi da igiyar guga, wani irin ƙulli da ya ce wurin masunta ya koya a bakin dam, ko giwa ba ta kwance shi. Ya ɗaure maƙullin wuta da robar tayar keke don in ya tashi kada ya mutu. Ya ƙulla igiyar Gwaggo Zahra'u da wata doguwar igiya, ya kai ta jikin karkiya. Labari ya riga ya zaga, tunga duk ta fito, har matan da ba su saba fitowa ba suna leƙe daga bayan dannin karan da ya shinge gona. Gwaggo Zahra'u ta sa aka kawo mata kujera.

"Injiniya," in ji Ayuba, "ka dubi inda shanun ga sunka sa gaba?"

"Sa ba shi da gaba sai inda anka nuna mai. Bawa, taku biyu!"

Bawa ya ɗaga tsumagiya, shanu suka yi taku ɗaya, igiya ta miƙe.

Ko ranar da ya sha ce ta busar da man da ya shaƙe shi, ko ƙarfin shanun ne, har yau ana gardama a tungar. Abin da ba a gardama a kansa shi ne injin ya tashi. Ya kece da wata irin kururuwa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, sarƙa ta hau gudu. Labaran ya ɗaga hannu biyu sama ya buɗe baki zai yi jawabi.

Shanun Bawa ba su taɓa jin irin wannan abu a bayan wutsiyarsu ba. Taku na biyu da aka yi alkawari sai ya zama tsalle. Ƙullin masunta ya warware salin-alin, injin ya diro daga kan gawo ya bi su. Suka waiwaya suka ga abin yana biye da su yana ihu, suka ƙara mai. Duk yadda suka ƙara, shi ma ya ƙara. Jama'a suka watse, wasu kan bishiya, wasu cikin taɓo, Bawa yana bin su yana kiran sunayensu da lallashi, mai gari da ke cewa gwiwa ta hana shi sallah a tsaye aka gan shi a bayan tudu ba a san lokacin da ya kai ba.

Shanun suka miƙe sak inda suka sa gaba tun farko, wato rumfar kara.

"Ba can ba!" in ji Labaran. "Bawa, hwaɗa musu ba can ba!"

Suka shiga ta tsakiya. Karkiya ta kwashe turakun rumfa, rufin ya rufto, kwanduna suka kife, kofato takwas suka bi ta kai. Abin da kofato ya bari, injin da ke tsalle a baya ya gama da shi, don haka itacen farko da ya fara yankawa a tungar kwandon mai shi ne. Suka ga dannin gona ya tare su, suka juyo suka sake bi ta kan tumatir ɗin, sannan suka faɗa fadama. Injin ya nutse a taɓo, ya yi tari biyu ya yi shiru. Shanun suka tsaya suna huci, jajur har gwiwa.

Mutane suka fara saukowa daga inda suka maƙale, ana duba juna, ba wanda ya ji ciwo. Barau ya dawo yana ɗingishi, don gwiwar ta tuna da shi. Ya tsaya gaban Labaran, ya gyara rawani, ya yi tambayar da al'ada ta ce a yi.

"Labaran, a sa gatari?"

Labaran ya dubi gawon, wanda ko ɓawonsa bai kwaile ba.

"A sa, ranka shi daɗe. Na riga na gama mai wuyar."

Ba wanda ya yi dariya, har Ayuba. Shi ne ma ya fara ɗaga gatari. Maza suka jeru, sara ya kankama, wani ya ɗauko waƙar gayya aka amsa. Aka sassare rassa, aka datse gangar, aka sa gungume aka mirgina ta cikin kwazazzabo. Rana ba ta gama karkata ba aka kira direba aka ce hanya ta buɗe.

Mota ta shigo tana rangaji, ta juya a dandali, aka loda buhunan albasa. Da za ta fita direba ya tsaya daidai gonar Labaran ya leƙo da kai. Tun satin da ya wuce ake ba shi labarin wannan tumatir, har ya bar masa wuri a sama inda ba za a danne shi ba.

"Malam Labaran, ina kayan? Dillalai na can na jira, wallahi ko rabin kwando babu a Mafara."

Labaran yana tsaye a gaban abin da ya rage na rumfa. A bayansa ƙasa ta yi ja, awakin tunga da kaji sun taru suna walima.

"Na hwasa saidawa bana," in ji shi. "Kasuwar ba ta yi man ba."

Direba ya dubi bayansa, ya dube shi, ya ce Allah ya mayar da alheri. Ya ja mota.

Jama'a suka juya suka koma tunga, Bawa ya ja shanunsa ya tafi wanke su. Sai Hauwa'u ta fito daga bayan danni da ƙwarya a hannu. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kori awaki, ta durƙusa tana ɗaga karan rumfa tana tsintar waɗanda ba su fashe ba, tana share su da gefen zane. Labaran ya tsaya yana jiran wata magana ta zo masa, irin wadda ke zuwa kullum, ba ta zo ba. Kunya ta kama shi, da tsoron daminar da ke tafe. Ya durƙusa kusa da ita ya shiga tsinta.

Suka bi wurin kaf, daga bakin danni har bakin fadama. Abin da suka samu bai cika ƙwaryar ba.

Ta ɗora a kai za ta wuce, ya yi gyaran murya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Hauwa'u."

"Na'am, Malam."

"Kin dai ji ya tashi?"

Ta dube shi, taɓo har gemu, ƙayar gawo a wando. Ta gyara zaman ƙwaryar a kanta.

"Na ji, Malam. Taho mu tahi gida, a san abin da za a ci."